Uwa Mai Ɗanwake a Ƙasan Kanal

In ka tambayi mutanen Rugar Datti wace ce Uwa, kafin su ce maka mai ɗanwake ce, sai sun ce maka ita ce matar nan da ba ta kallon kanal. Ba ƙari suka yi mata ba. A gefensa aka haife ta, a gefensa ta yi aure, albasar mijinta Mukhtari ruwansa take sha. Amma in tana tafiya a kan gaɓarsa sai ta karkatar da kai wajen gonaki, kamar mai gaba da maƙwabciya.

Rugar Datti suna ne kawai ya rage mata na ruga. Kakannin su Uwa da shanu suka zo wannan yanki na tsakanin Kura da Bunkure, ruwan noman rani ya zaunar da su, yanzu fartanya ta fi sanda yawa a gidajen. Makarantar firamare tana tsallaken kanal, kusa ƙwarai, in an kaɗa ƙararrawa har cikin ɗaki ake ji. Gada ce babu. Gadar motoci tana can sama, wanda ya bi ta kanta sai ya ci kusan awa guda kafin ya zagayo inda yake hangowa daga ƙofar gidansa.

To, mutane suka sama wa kansu hanya. Ruwa rabo ake yi. Reshen da ya bi ta Rugar Datti Litinin da Alhamis ake sako masa, sauran ranaku na mutanen sama ne, ana tare musu shi da katakai su sha. A waɗannan ranakun kanal ɗin Rugar Datti a bushe yake, sai ɗan danshi da ledoji. Yara su zauna a kan siminti su sulale zuwa ƙasa, su tsallaka, manya su haye ɗaya gefen da gudu, ƙanana a tura su daga ƙasa. In ka yi magana amsa ɗaya ce a bakin kowa, babba da yaro: "Ai yau ba ranar ruwa ba ce."

Uwa ta san abin da wannan magana ta ci mata. Tana da shekara tara, wata Laraba, aka aike ta kai wa babanta fura a gonar tsallake, ƙanwarta Sa'a mai shekara biyar ta bi ta. Suna tsakiyar kanal ruwa ya zo. Uwa ta yar da ƙwarya, ta kama wata ciyawa da ta fito daga tsagar siminti, ta haye. Da ta juyo ta miƙa hannu, babu wanda za ta miƙa wa. Sai da la'asar aka tsamo Sa'a a wata mararraba. Babu wanda ya taɓa ce wa Uwa laifinta ne, ita ma ba ta taɓa gaya wa kowa cewa ita ta fara hayewa ba. Shekara ashirin da biyar ke nan ƙafarta ba ta sake taka ƙasan kanal ba.

Kullum da sassafe take ɗora kular ɗanwake a ka, ta rataya jakar yaji da mai, ta bi gaɓa har gada, ta zagayo makaranta kafin a fita tara. Tun ranar da aka sa 'yarta Nafisat a aji ɗaya tare suke wannan zagaye. Yarinya ta yi kuka, ta ce ƙawayenta suna yi mata dariya, Uwa ta toshe kunne. Darasi ɗaya ta taɓa koya mata game da ruwa, shi ma ba tare da ta dube ta ba: "In kika ji ruwa, ki gudu. Kada ki waiwayi kowa."

Nafisat 'yar fari ce, kuma su Uwa har gobe suna riƙe da kunyar ɗan fari yadda suka gada. Ba ta kiran sunanta. "Ke" ce, ko "yarinyar nan". Ba ta yabonta, ba ta tsaya mata a gaban mutane, in an ce Nafisat ta yi na ɗaya a aji sai ta hau gyara murfin kula kamar ba da ita ake ba. Wanda bai san al'adar ba sai ya ce ba ta damu da ita ba. Alhali duk duniya babu abin da Uwa take tsoron rasawa kamar wannan yarinya da ba ta iya kiran sunanta.

A shekarar da Nafisat ta shiga aji shida ne masu tallafi suka zo. Makarantar tana da aji biyu da iska ta yaye wa kwano, yara a ƙasa suke zama, allon aji uku ya koma bango. Da aka ga farar mota ta tsaya, kowa ya ɗauka kwano aka kawo. Ashe shugabanci aka kawo. Wata ƙungiya ce da ke samun kuɗi daga ƙasar waje don koya wa 'yan makaranta jagoranci da halin kirki. Aka sauke littattafai masu hotuna, da manyan takardu na mannawa a bango, har a bangon ajin da ba shi da rufi aka manna guda, rana ta cinye ta kafin wata ya mutu. Da babu gara ba daɗi, in ji hedimasta, ya sa hannu.

Aka kai wani matashin malami, Malam Abdulsamad, Kano ya yi mako guda, ya dawo da zafinsa. Ba mugun mutum ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Ya yi imani da abin da aka koya masa fiye da waɗanda suka koya masa ma. Ya duba ya ga yaran Rugar Datti su ne kullum a makare, wasu ba sa zuwa sam, sai ya ce kowace unguwa a naɗa mata shugaba daga cikin ɗalibai, mai tattaro ƙanana ya kawo su a kan lokaci. Yara suka jefa ƙuri'a da tsakuwa a cikin gwangwani. Nafisat ta ci. Aka maƙala mata koriyar lamba a hijabi, aka danƙa mata yara goma sha bakwai.

Ranar da Nafisat ta ce ba za ta ƙara bin gada ba in ba ranar ruwa ba, Uwa tana tankaɗen gari. Ba ta ɗago ba.

"Wa ya ce?"

"Inna, ƙanana ba za su iya zagaye ba. Ko na bi gada su ta kanal za su bi. Gara ina nan."

"Ki tsallaka da su, ki haye, su biyo ki."

Sai Nafisat ta faɗi abin da ya sa rariya ta tsaya a hannun Uwa. "A darasinmu shugaba shi ne na ƙarshe. Sai kowa ya haye sannan ya haye. Ni ce mai tura su daga ƙasa."

Uwa ta ji kamar an zuba mata ruwan randa a baya. Wannan magana ta fi ƙarfin gardama a wurinta, domin ta san gaskiya ce, kuma ta san ita ba haka ta yi ba. Tsoro ya kama ta, kunya ta kama ta, ta rasa da wanne za ta fara. Ta ci gaba da tankaɗe har garin ya ƙare tana ta kaɗa rariya.

Ta sami Mukhtari a gonar albasa da la'asar, ta kewaya, ta kewaya, ta ce yaran mutane suna shiga kanal. Ya ce tun yana yaro ake shiga. Ta ce tun da aka gyara simintin ya zama sumul, babu tsaga babu ciyawar kamawa. Ya ce, "Uwa, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Ranar ruwa ai gada suke bi. Yarinya ta samu girma a makaranta, ki bar ta." Ya koma kan cirar ciyawarsa.

Ta sami Malam Abdulsamad lokacin tara, ta zuba masa ɗanwake da mai fiye da na kullum. Nan ma kunya ta ɗaure mata harshe. Yaya za ta buɗe baki a tsakiyar makaranta ta ce 'yarta take ji wa tsoro?

"Malam, wannan doka ta na ƙarshe, waɗanda suka rubuta ta sun san kanal?"

Ya yi dariya. "Inna, ba don kanal aka rubuta ta ba. Hali ne ake koya musu, kada shugaba ya tsere ya bar mutanensa."

"Halin yana da kyau. Ruwa ne bai san shi ba."

"Na duba ranakun da kaina, Inna. Litinin da Alhamis na hana kowa shiga. Kuma kin ga tun da muka fara, babu yaron Rugar Datti da ya makara. In masu tallafi suka ga haka, wa ya sani, ƙila badi su dubi rufin nan." Ya ɗaga kai ya dubi sama ta inda kwano ya kamata ya kasance.

Da Uwa ta ce masa 'yarta take ji wa tsoro, da wataƙila ya canja wata. Ba ta iya ba.

Haka aka yi wata huɗu. Kullum ta fita ta bar Nafisat tana tattara yara, ta bi gaɓa ita kaɗai, kunnenta yana wajen kanal ko da idonta ba ya can. Ta rame. Ɗanwake ya fara yin gishiri biyu, wata rana babu ko ɗaya. Sai ta shiga harabar makaranta ta hango koriyar lamba a cikin aji sannan numfashinta yake komawa daidai, washegari a sake sabon lale.

Sai ga watan da alkama take nuna. Wata Laraba tana tafiya, ta wuce rabin hanyar gada, ta lura da abin da duk mai noma ya sani amma ba ya haɗa shi da yaran makaranta. Gonakin sama duk sun yi ja. Alkama in ta kusa yanka yanke mata ruwa ake yi. Tiyo-tiyon da manoma suke jan ruwa da su daga kanal duk an tsame su an shimfiɗe a kan gaɓa. Ranar mutanen sama ce, amma mutanen sama ba sa sha. Karo na farko a shekara ashirin da biyar Uwa ta juya kai ta dubi kanal da gangan.

A wurin da ake tarewa ruwa ya cika maƙil, yana lasar bakin gaɓa. Wani manomi yana tsaye a kai yana kokawa da katako, yana tsoron kada ruwan ya ɓalle gaɓa ya shiga gonarsa. Ta buɗe baki, katakon ya riga ya fita.

Ta dire kula a ƙasa, ta juya, ta zura da gudu. Takalmi ɗaya ya fita, ta bar shi. Ruwan yana tafe a ƙasa ta gefenta, yana tura kara da ledoji a gabansa, ba ya sauri kamar mota amma ba ya gajiya, ita kuwa tana gajiya. Ta wuce shi, ya kamo ta, ta sake wuce shi. Tana ta salati, ƙirjinta kamar zai tsage.

Da ta iso mashigar yara, goma sha ɗaya sun haye. Shida suna ƙasa, Nafisat ta sa kafaɗa a ƙarƙashin wani ɗan aji ɗaya tana tura shi.

"Ruwa!" in ji Uwa. "Ruwa yana tafe!"

Nafisat ta ɗago, ta dubi sama, ta ga bakin ruwan ya karyo kwana. Ta dubi uwarta. Sannan ta sunkuya ta ɗauki yaro na gaba.

Uwa ta so ta kira ta. Ta so ta kira sunan da ƙarfi ta ce mata ta saki kowa ta haye. Sunan ya zo har maƙogwaro ya tsaya, shekara goma sha uku bai taɓa bi ta nan ba. Da bakin ya yarda da ta tsaya a gaɓa tana kira. Da ya ƙi, sai ta zauna a kan siminti ta sulale.

Ruwan ya same su a idon sawu, da sanyinsa. Uwa ta cafki wata yarinya ta cilla sama, manyan da suka haye suka kama hannunta suka ja. Nafisat ta tura wani. Ruwa ya kai ƙwauri, gansakukar da ta bushe a ƙasa ta jiƙe ta koma santsi kamar kuɓewa. Saura biyu. Saura ɗaya, wata 'yar ƙarama da ta ƙanƙame zanen Uwa ta ƙi saki, sai da aka ɓamɓare yatsunta. Ruwa ya wuce gwiwa yana ja.

"Inna, hau," in ji Nafisat.

Uwa ba ta tsaya amsa mata ba. Ta kama ta ta ƙugu, da irin ƙarfin da ba ta san tana da shi ba, ta wurga ta jikin siminti, ta sa kai a ƙarƙashin ƙafarta ta tura. Hannuwa suka sauko suka ja ta. Da Uwa ta ga ƙafafun sun bar ruwa, nata ƙafafun suka zame.

Ruwan ya tafi da ita kamar tsawon gona guda. Ta sha, ta ga sama, ta sake sha. Farcenta yana kartar siminti babu abin kamawa. Wani mai ban-ruwan albasa da ake kira Mustapha, wanda ihun yara ya jawo, ya bi ta da gudu ya jefa mata tiyo. Ta kama, maza uku suka ja. Ta kwanta a gaɓa tana amayar da ruwa, gwiwoyinta duk sun saɓule. Nafisat ta durƙusa a kanta tana kuka. Mutane sun taru, don haka Uwa ta kau da kai, ta tambaya ko wani ya ga kularta.

Malam Abdulsamad ya zo gida duba ta, idonsa ya yi ja, ya kasa haɗa ido da ita. Ya ce shi ranaku ya duba, bai san da zancen alkama ba, shi ɗan cikin gari ne. Ya rubuta wa masu tallafi takarda ya roƙi gadar ƙafa, ko ta katako ce. Amsa ta zo cikin ladabi. Sun yi jaje, sun ce kuɗinsu na horo ne ba na gini ba, dokar waɗanda suka ba su ke nan, amma labarin yarinyar ya burge su ƙwarai, za su aiko mata da takardar yabo. Dattawan unguwa suka zauna a kan maganar gada, suka tashi a kan za a sake zama. Malam ya hana shiga kanal kwata-kwata. Dokar ta yi mako biyu. Ƙanana suka daina zuwa makaranta, sannan suka koma sulalewa a ɓoye, ba babba ko ɗaya a tare da su.

Ranar da Nafisat ta ce za ta koma tsallakar da su, Uwa tana zaune tana shafa wa gwiwarta magani.

"Ki mayar musu da lambarsu."

"In na mayar, Ummul-Khairi za a ba, Inna. Ita ta zo ta biyu a ƙuri'a. Shekararta goma, ko buhun gari ba ta iya ɗagawa. Kuma za ta tsaya a ƙarshe, don tare aka koya mana."

Uwa tana jin haushin littafin nan mai hotuna, tana jin haushin waɗanda suka rubuta shi a inda babu kanal, amma can ƙasan zuciyarta ta san yara shida suna gidajen iyayensu yau saboda yarinyar nan ba ta bi darasin uwarta ba. Sanin haka bai rage mata tsoro ko kaɗan ba. Ƙara mata ya yi, don yanzu ta tabbata in ruwa ya sake zuwa Nafisat ba za ta gudu ba.

Washegari Talata ce. Yara suka taru a mashiga, sai ga Uwa da kula a ka. Ta miƙa wa wani babban yaro kular ya tsallaka da ita, ta ɗaure zane tamau, ta zauna a kan siminti. Ta daɗe a zaune. Sannan ta rufe ido ta sulale.

Wata maƙwabciyarta, Halimatu Sa'adiyya, tana wucewa da itace, ta tsaya baki buɗe. "Uwa, ke ce a ƙasan kanal?"

"Gada ta yi mini nisa. Ƙafa ta fara tsufa."

Halimatu ta dube ta, ta dubi Nafisat, ta gane, ta yi mata kara ta wuce.

Yau shekara ta zagayo, gada ba ta zo ba. Duk ranar da ba ta ruwa ba, in ka bi ta mashigar Rugar Datti da safe za ka sami Uwa a ƙasa, fuskarta tana kallon sama inda ruwa yake fitowa, tana tura yaran mutane ɗaya bayan ɗaya. Kada wani ya ce maka ta saba. Kafin ta fito daga gida ba ta iya karyawa, kuma in iska ta kaɗa leda a ƙasan kanal sai ta zabura. In ƙanana sun ƙare, su biyu suke ragewa, kuma kusan kullum sai sun yi 'yar wannan ja-in-ja.

"Inna, doka ta ce ni ce ta ƙarshe."

"Dokar ta 'yan makaranta ce. Ni ɗanwake nake sayarwa. Hau."

Nafisat ta hau. Uwa ta tsaya ita kaɗai a ƙasa har sai ta ga ƙafafun yarinyar sun taka gaɓa, sannan ta ja da baya ta haye da rarrafe.